Kunnen Dogo

Ni tela ne, kuma ban san komai a harkar ƙwallo ba. Abin da ya haɗa ni da ƙungiyar magoya bayan 'yan wasan ƙasarmu ɗinki ne kawai: shekara tara ni nake ɗinka musu rigunan da suke sawa su je su yi ihu. Da aka tashi tafiya babbar gasar nan da duniya ke taruwa a kanta, sai Ciyaman ɗin ƙungiyar ya sa sunana cikin matafiya, wai kada riga ta yage a ƙasar mutane a rasa mai kamawa. A ofishin biza ma'aikaciyar ta tambaye ni wane ɗan wasa na fi so. Na yi gyaran murya na ce duk ɗaya suke a wurina, ba na nuna bambanci. Ta kalle ni ta saman tabarau, ta buga hatimi.

Matata ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce unguwa cike da samarin da suka haddace sunayen 'yan wasa har da na iyayensu, amma a rasa wanda Allah zai ci da shi sai mutumin da ya taɓa tambaya ko mai usur ɗin nan ɗan wace ƙungiya ne. Har yau kuwa ba wanda ya ba ni amsar da ta gamsar da ni. Ni abin da ya sa na yarda da tafiyar daban ne: a birnin da za mu sauka Dogo yake.

Dogo aminina ne tun muna yawo ba wando. Ƙofar gidansu na kallon tamu, kwano ɗaya muka ci, bulala ɗaya muka sha a makaranta. Shekara goma sha huɗu ke nan da ya tafi, da alkawarin shekara biyu. Ya yi aure a can, yana aiki a wani kamfanin masu gadi, yana aiko wa mahaifiyarsa duk abin da ɗa ke aikowa ban da ƙafarsa. Inna kuwa ta tsufa, idonta ya yi rauni, ita kaɗai ta rage a gidan. Ƙanwar Dogo da ke aure a wani gari ta yi roƙo har ta gaji a kan ta koma wurinta a riƙa kula da ita. Inna ta ƙi. Ta ce ba za a yi ɗanta ya dawo ya tarar da kwaɗo a ƙofa ba.

Ana gobe tafiya na shiga yi mata sallama. Na riƙo wata jaka wadda ba komai a ciki, don na san halin tsofaffi da saƙo. Na same ta zaune a bakin gado, rediyo na magana shi kaɗai a kan taga, kwalaben maganin ido jere a faranti. Ɗakin Dogo na gefe, a share tas, labulen da na ɗinka masa shekarar da ya tafi har ya koɗe. Ta ce in ajiye jakar, ba ta da kaya.

"Tambaya ɗaya za ka kai min. Ka ce Inna ta ce, zai zo bana? Amma kada ka tambaye shi ta waya. Ta waya shekara goma sha huɗu yana ce min bana. Ka tsaya a gabansa, ka bar bakinsa ya faɗi abin da ya ga dama, kai dai ka kalli hannunsa."

Ban nemi ƙarin bayani ba. Duk wanda ya tashi da Dogo ya san ba ya iya ƙarya sai ya ja kunnensa na hagu. Shi ya sa duk ɓarnar da muka yi muna yara ba ta kwana. Malami ba ya ma sauraron bayaninsa, hannun yake jira. A kiran bidiyo kuwa ba a kama shi, don yakan matso da wayar har sai hancinsa ya cika gilashin, kuma ko da ya nuna, Inna ba gani za ta yi ba.

"In hannun ya zauna lafiya, zan ci gaba da jira," in ji ta. "In ya ja, ka gaya min, in tattara in bi yarinyar nan. Na gaji da yi wa bango magana."

Na ce mata wannan ai aikin minti ɗaya ne. Haka na ɗauka.

Kwana shida aka ba mu. Tun daga filin jirgi birnin ya sha ado kamar gidan biki, tuta a kan kowane turken fitila, hoton ƙwallo har a jikin kwandon shara. A otal aka haɗa ni ɗaki da Makaɗi, mai gangar ƙungiya, mutumin da in aka raba shi da ganga sai ya koma kan teburi. Ina ajiye jaka na kira Dogo. Ya yi ihu, ya kira ni da sunan da ba mai kira na da shi sai shi, ya tambayi kowa da kowa a unguwa har da waɗanda suka rasu. Ya tambayi abin da Inna ta ba ni in kawo masa, na ce gaisuwa kawai. Sannan ya ce in yi haƙuri, kamfaninsu aka ba tsaron filayen wasa, yau yana wani gari, amma gobe yana nan tafe. Washegari aka ƙara masa aiki. Rana ta uku wani abokin aikinsa ya kwanta rashin lafiya. Kullum muryarsa cike da murna, ni kuwa ina riƙe da waya ina tunanin inda ɗaya hannun nasa yake.

Tunda ba Dogo, sai na bi ayari yawon buɗe ido. Ciyaman ya zuba mu a bas mai hawa biyu marar rufi, shi a gaba da 'yar tuta a kan sanda kamar mai kiwon awaki. An ba kowa abin sawa a kunne mai bayanin tarihin birnin cikin harsuna takwas, babu namu a ciki, saboda haka Makaɗi ya ɗauki nauyin fassara daga kansa. Duk ginin da muka wuce sai ya ce gidan sarki ne. Kafin azahar mun wuce gidan sarki goma sha uku, ɗaya ma har da motocin kashe gobara a ƙofa. Mun hau wata hasumiya da aka ce daga samanta ana ganin birnin gaba ɗaya. Awa biyu muka yi a layi, muka isa muka tarar gajimare ya rufe ko'ina, muka ɗauki hoto da gajimaren muka sauko. A dandalin tsakiyar gari akwai mutum-mutumin wani jarumi riƙe da takobi, 'yan ƙungiya suka ɗora masa hularmu, ɗan sanda ya zo ya cire cikin ladabi ya mayar wa Ciyaman.

Gidan tarihi ne kaɗai ya burge ni. A cikin wani akwatin gilashi akwai rigar wata sarauniya mai shekara ɗari uku, ɗinkin hannu daga wuya har ƙasa, ƙanana-ƙanana kamar sawun tururuwa. Ba wanda ya rubuta sunan telan da ya tsiyayar da idonsa a kanta, sunan wadda ta sa kawai aka rubuta. Na tsuguna ina leƙen kalmasar ta ƙasa har mai gadi ya taɓa kafaɗata. Shi ma dogo ne, baƙi, sanye da rigar kamfanin gadi, har na ɗauka Dogo ne. Ba shi ba ne.

Na ce to bari in yi zumunci da sauran, ina da mutum biyu a takarda. Na farko Direba, ajinmu ɗaya a firamare, yana tuƙa tasi. Ya zo ya ɗauke ni da kansa, ya rungume ni a bakin otal ido ɗaya na kan motar kada a ja ta. Ya ce wannan watan ba na zama ba ne, in shiga gaba mu yi hira yana aiki. Haka na ziyarce shi: awa uku a kujerar gaba, fasinjoji masu fentin tuta a fuska na shiga suna fita a baya. Yana cikin ba ni labarin rasuwar mahaifinsa da bai samu zuwa ba, wasu su uku suka shigo suna waƙa, ya juya ya yi musu murmushi ya taya su amshi. Ba mu koma kan maganar ba.

Ta biyu ƙanwar matata ce, nas a wani asibiti. Ta fito a hutun minti goma sha biyar, muka gaisa a tsaye kusa da inda motocin marasa lafiya ke tsayawa. Ta ce tun da aka fara gasar ba abin da suke yi sai ɗinke goshin 'yan kallo. Na ce ashe sana'armu ɗaya. Ta yi dariya, wayarta ta yi ƙara, ta cusa min ledar tsarabar yayarta ta ruga ciki.

A nan na gane yadda abin yake. Gasar da ta buɗe min ƙofar ƙasar ita ce ta kwashe duk waɗanda na zo gani. Da ba gasa da suna gida, ni kuma da ba a ba ni biza ba. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, kuma na rasa wanda zan ji wa haushin.

Rana ta huɗu na yi abin da ba a gayyace ni ba: na karɓi adireshi wurin Direba na tafi gidan Dogo. Hawa na huɗu ne, lif ya lalace, na isa ina haki. Matarsa, wadda ban taɓa gani ba sai a hoto, ta buɗe ta ce ai wannan Tela ne tun kafin in buɗe baki. Ɗaki biyu ne da ɗan falo, tsaf-tsaf, an shanya safa a bakin taga, hoton Inna a saman talabijin. A bayan ƙofa kwat ɗin Dogo na rataye. Idon tela ba ya hutu: kafaɗa inci sha bakwai. Dogon da na sani sha tara nake yanka masa.

Ta kawo shayi da biskit, ta tambayi mutanen gidan da ba ta taɓa gani ba ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu, ba ta yi kuskure ba. Sannan ta gaya min abin da ba wanda ya taɓa gaya mana. Takardun zaman Dogo suna hannun hukuma shekara da shekaru. An ba shi izinin aiki, ba a ba shi na fita ba. Ranar da ya taka jirgi ƙofa ta rufe a bayansa, ita da 'yarsu a ciki, shi a waje. Kowace shekara lauya na cewa bana za a gama. Shi kuma sai ya ɗauki kalmar lauya da zafinta ya miƙa wa Inna.

"Ya san da me ka zo, Yaya," in ji ta. "Ya ce Inna ba ta taɓa barin mutum ya taho hannu rabbana ba. Da ka ce masa gaisuwa kawai ta ba ka, ranar bai iya cin abinci ba. Aikin gaskiya ne, ba ƙarya ya yi maka ba. Amma da ya so, da ya samu awa ɗaya."

Raina ya ɓaci. Na keto ƙasashe na zo, mutumin da muka ci kwano ɗaya yana wasan ɓuya da ni kamar na zo kama shi. Na ce mata to ai ga amsa na samu, sai in koma da ita. Ta girgiza kai ta ce Inna ba ita ta aiko a tambaya ba. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi.

Sai da na miƙe zan tafi ta ce in zauna. Ranar wasanmu, jibi, an sa Dogo a gaban rukunin magoya bayanmu, saboda yana jin harshenmu in rigima ta tashi. Ta bayyana min aikin. Mutum zai tsaya a bakin fili, baya ga 'yan wasa, fuska ga 'yan kallo, hannu a baya. Ba magana, ba ɗaga hannu, ba waiwaye ko da an ci. Wasa biyar ya tsaya a gasar nan, bai ga ƙwallo ko sau ɗaya ba. In an tashi kuma suna nan har fili ya watse, mu kuwa bas ɗinmu daga fili filin jirgi zai wuce, haka Ciyaman ya tsara. Wato dai zan gan shi ido da ido na minti casa'in, amma ba zan iya ce masa ko sannu ba.

Washegari 'yan ƙungiya suka shirya ganin wata gada. Na yi gyaran murya na ce kaina na ciwo. Suna fita na ciro almakashi da allura da zare, don ba inda nake zuwa ba su. Akwai rigunan ko-ta-kwana biyu da Ciyaman ya ba ni ajiya. Na farke farar na shimfiɗa a kan gado, na yanka haruffa daga shuɗiyar. Yini guda ina ɗinki da hannu, ina tuna rigar sarauniyar nan ina jin kunyar kaina. INNA TA CE ZA KA ZO BANA? Alamar tambayar ce ta fi ba ni wuya, sau uku ina yanka ta.

A ƙofar fili mai bincike ya warware ƙyallen ya tambayi abin da ke jiki. Na yi gyaran murya na ce kirari ne na ƙarfafa wa 'yan wasa gwiwa. Ya bar ni na wuce. Ciyaman kuwa kallo ɗaya ya yi wa yadin ya gane shi, ya ce za mu yi magana a gida.

Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba, dubu sittin aka ce. Mu muna layi na shida daga ƙasa. A bakin fili masu gadi sun jeru cikin riguna ruwan ɗorawa masu ƙyalli, taku goma tsakanin kowane biyu, duk sun juya wa ciyawar baya. Ban sha wuyar nemansa ba, ya fi kowa tsawo. Furfura ta fito masa a gefen kai, wuyan ya ƙara tsayi, tsayuwar kuwa ta mahaifinsa ce sak, nauyi a kan ƙafar dama. Idonsa na bin layuka ɗaya bayan ɗaya yadda aikin ya ce, har ya iso kaina. Ya tsaya. Bai yi murmushi ba, amma na ga ya haɗiye yawu. Shekara goma sha huɗu, ga mu taku ashirin tsakani, ni an hana ni sauka, shi an hana shi motsi. Duk fushin da na zo da shi na neme shi na rasa.

Aka busa usur. Na bari aka ɗan jima, sannan na miƙe na ɗaga ƙyallen. Na ga leɓɓansa na bin haruffan. Ya kalle ni, ya gyaɗa kai sau ɗaya, alamar eh. Hannu biyu a baya, ko ɗan yatsa ban gani ba. Dokar kamfani ta yi masa abin da ya kasa yi wa kansa shekara arba'in da biyar. Na tsaya da ƙyalle sama kamar sakarai: na zo, na tambaya, ya amsa, kuma ban samu komai ba.

Abin da ban sa a rai ba shi ne Makaɗi. Mutumin nan duk maganar da ke da gaɓa sai ya kaɗa ta. Ya karanta ƙyallen da ƙarfi, ya ji ta hau ganga, ya fara. Kafin in kai hannu in hana, mutum ɗari uku na rerawa, Inna ta ce za ka zo bana. Ba wanda ya tambayi wace Inna, kowa na da tasa. Wasu 'yan wata ƙasa da ke gefenmu, waɗanda ba su san ko harafi ɗaya a ciki ba, suka kama amshi suna tafi. Sai ga ni a babban allon fili, ni da ɗinkina, ƙaton kaina ya cika rabi. Dogo na tsaye, baki ɗari uku na yi masa tambayar da ya yi kwana biyar yana guje wa daga baki ɗaya. Na ji kunya, na ji tausayinsa har cikin raina. Na naɗe ƙyallen na zauna a kai, amma waƙa ta riga ta fita hannuna.

Haka muka yi ta kallon kallo har hutun rabin lokaci da bayansa. Na ƙare masa kallo yadda ban taɓa yi ba tun muna yara, shi ma haka. Duk lokacin da idonsa ya gama zagayen aiki sai ya dawo layi na shida ya huta. An ce an ci mu ɗaya a wajen minti na talatin. Na ji filin ya yi gunji, ban dai gani ba.

Saura kaɗan a tashi 'yan wasanmu suka rama. Rukuninmu ya fashe. Mutane na hawa kan juna, ruwa na tashi sama, Ciyaman ya rungume Makaɗi da gangarsa gaba ɗaya, shugaban masu gadi ya ruga can gefe inda wani ke ƙoƙarin tsallake shinge. Dogo ya bi shugaban nasa da wutsiyar ido, ya dawo da kallo kaina. Sannan ya saki hannunsa na hagu daga baya, a hankali, ya ɗaga shi yadda ba zan ce ban gani ba, ya kama kunnen, ya ja, ya riƙe. Ba irin jan da muka sani ba ne, mai kuɓuce masa. Wannan da niyya ya yi. Hawaye na bin kumatunsa, amma a wannan minti rabin filin kuka yake, ba wanda ya lura. Na ɗora hannu a ƙirji. Ya mayar da nasa baya, ya ci gaba da bin layuka.

An ƙara cin mu kafin a tashi, aka fitar da mu daga gasar. Wannan ma a bas na ji.

Na dawo gida na tarar na zama wani abu. An gan ni a talabijin. Shagona ya cika da samari suna tambayar ƙwallon ramuwar nan, da kai aka ci ko da ƙafa. Na ce su je su tambayi wanda ya kalla. Kyamara ta nuna wa duniya tambayar Inna amma ba ta nuna amsar ba, saboda haka unguwa duka ta san abin da aka aike ni, kowa kuma ya zuba kunne. Kwana biyu na yi ina kewaye ƙofarta. Tun a jirgi na shirya abin da zan ce: na tambaya, ya gyaɗa kai, hannunsa na baya. Na juya maganar ta ko'ina, kowace kalma a cikinta gaskiya ce.

Ranar da na shiga, Inna ta gane takuna tun daga tsakar gida. Tana nan a bakin gadon, rediyo a taga, kwalabe a faranti. Na ba ta labarin hasumiya da gajimare, da rigar sarauniya, da kirkin surukarta, da hotonta a saman talabijin. Ta bar ni na gama kewaye-kewayena.

"Hannun fa?"

Na yi gyaran murya. "Ai Inna, a dokar aikinsu, hannu a baya yake..."

"Ga ruwa nan a kofi, sha," in ji ta. "Shi kunne, kai maƙogwaro. Tun kuna ƙanana haka nake kama ku. Shi ya sa na aike ka ban aiki wani ba."

Na sha ruwan. Sannan na gaya mata duka, takardu da lauya da ƙyalle da waƙa, har zuwa hannun. Ta tambaya ko kuɓuce masa ya yi. Na ce a'a, sai da ya duba ba mai ganinsa, ya ɗaga da gangan, ya riƙe har ya tabbatar na gani.

Rediyo na ta sharhi a kan wasannin da suka rage. Can ta ce to madalla, ya girma. Ta tambaya ko ya rame, na ce kafaɗa ta ragu da inci biyu. Ta gyaɗa kai kamar ita ta auna.

Sai ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro kwaɗo, sabo fil, da makullai biyu ɗaure da zare. Ashe tun kafin in tafi ta sa aka sayo mata. Ta ce in kira yarinyar nan ta turo mota ranar Asabar. Ta kwance zaren da haƙori, ta miƙo min makulli ɗaya.

"Ka ajiye a shago, wurin da kake ajiye almakashi. In ya zo wata shekara, kada ya tsaya a waje."

Na karɓa na sa a aljihu. Har na kai ƙofa ta kira ni, ta ce an gaya mata labulen ɗakinsa ya koɗe, in sauke shi in ɗinka wani kafin a rufe gidan. Na ciro tef na shiga na auna tagar.